Daga Allurar Seebeck Zuwa Zaren Kabon

A shekarar 1821 wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya haɗa ƙarafa biyu mabambanta, ya ɗumama mahaɗa guda, sai allurar kamfas ta motsa. Shi dai ya dage maganaɗisu ne, ashe lantarki zafin ya haifar.

To amma mai karatu, sinadarin da ya fi iya wannan aiki tun shekarun 1950, wato bismut telurayid, ga tsada ga saurin karyewa. Ina zai lanƙwasu a jikin mutum?

Sai a 1977 su Shirakawa suka gano robar da lantarki ke bi, a 1991 kuma Iijima ya bayyana siraran bututun kabon. Yau masana na gauraya su cikin yadi don ɗumin fata ya kunna ƙaramar na'ura. Wutar dai har yanzu kaɗan ce.