Daga Allon Makaranta Zuwa Allon Talabijin: Tarihin Wasan Kwaikwayon Annabi Yusuf (AS)



Kwanan baya, bayan sallar La'asar, gardama ta kaure tsakanin samari biyu a ƙofar gidan Maigida, inda nake riƙe masa alƙalami. Ɗaya ya dage cewa Yuzarsif ne sunan Annabi Yusuf (AS) a ƙasar Masar, har yana rantsuwa sunan na cikin Alƙur'ani. Ɗayan ya ce shi ya sauke, bai taɓa rubuta wannan suna a allonsa ba. Da aka matsa wa na farko ya faɗi inda ya samo, sai ya ce a fim ya ji. Aka yi dariya aka watse, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Kusan babu gida a zangonmu da ba a kalli wannan wasa ba, da Larabci ko da fassarar Hausa, a faifai ko a waya, kuma yaranmu da yawa ta nan suka fara sanin ƙissar kafin su iso surar a gaban malam. Don haka na ga ya dace mu bi sawun labarin, mu ga hannayen da ya ratsa kafin ya iso falonmu, da abin da kowane hannu ya ɗora masa.

Tushe dai shi ne Suratu Yusuf, sura ta 12, mai ayoyi 111, wadda ta sauka a Makka. Malamai da dama sun ce ta sauka ne a kwanakin baƙin cikin da suka biyo bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, domin lallashin zuciyar Manzon Allah (SAW), wanda a lokacin danginsa na jini ke kan gaba wajen cutar da shi. Wanda ya karanta surar da natsuwa zai ga tana tsimin sunaye ƙwarai. Ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikin 'yan'uwan da suka jefa shi rijiya ba. Matar da ta yi masa ƙazafi, matar Aziz kawai aka kira ta. Mai mulkin ƙasar sarki aka ce masa, ba a ce Fir'auna ba. Kuɗin da aka sayar da shi 'yan dirhamai ne ƙidayayyu, zamansa a kurkuku 'yan shekaru ne, ba a yanke adadi ba.

Hannu na biyu na masu tafsiri ne da marubutan ƙissoshin annabawa. Almajirai sun yi ta tambaya, malamai suka nemo amsa daga ruwayoyi, wasu ingantattu, wasu kuma daga ma'abota Littafi, waɗanda ƙissar ke cikin littafinsu na Farawa daga babi na 37 zuwa na 50. Irin waɗannan ruwayoyi ne ake kira Isra'iliyat. Imam Sa'alabi, wanda ya rasu a 1035, ya tara su da yawa a littafinsa na ƙissoshin annabawa, yayin da Ibn Kasir, wanda ya rasu a 1373, ya riƙa jan kunne a kan yawancinsu. Mu nan ta hanyar Jalalaini muka fi jin su, littafin da malamanmu ke buɗewa kowane watan azumi, mai jan baƙi na ja, malam na fassarawa. Ɓangaren da Suratu Yusuf ke ciki Imam Suyuɗi ne ya rubuta shi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505. A can ne muka ji cewa sunan matar Zulaiha, na mijinta Ƙiɗfir, cewa dirhami 20 ko 22 aka biya, kuma rabuwar uba da ɗa ta kai shekara 18, ko 40, ko 80. Duba yadda shehin ya jera zantuka uku bai ɗaure kansa da ɗaya ba. A can ne kuma aka kawo cewa bayan mutuwar Aziz sarki ya aurar wa Yusuf da matar, ta haifa masa 'ya'ya biyu. Wannan aure ruwaya ce, babu shi a nassin surar.

Hannu na uku na mawaƙa ne, kuma su ne suka mayar da ƙissar labarin soyayya. An rera ta da harsuna masu yawa, daga Turkanci zuwa Bangali, amma wadda ta shafe sauran ita ce ta Maulana Abdurrahman Jami, sufi ɗan ɗariƙar Naƙshabandiyya, mazaunin birnin Hirat da ke Afganistan ta yau. An haife shi a 1414, ya rasu a 1492, ya kuma kammala waƙarsa ta Yusuf da Zulaiha da Farisanci a 1483. A hannun Jami, Zulaiha ta tashi daga mai ƙazafi ta koma tauraruwar labari. Gimbiya ce da ta ga Yusuf a mafarki tun tana budurwa, ta yarda da auren Aziz bisa zaton shi ne wanda ta gani. Surar ta ce ta kukkulle ƙofofi, Jami ya gina mata fada mai ɗakuna 7, kowane da ƙofarsa. Bayan ta sa an ɗaure masoyinta, sai dukiya ta ƙare, tsufa ya kama ta, kuka ya makantar da ita, ta koma zaman bakin hanya tana sauraron wucewar dawakinsa. Sai da ta farfasa gunkinta ta koma ga Allah sannan aka mayar mata da gani da ƙuruciya. Manufar Jami ta sufaye ce: son halitta, in ya ƙone mai shi ƙurmus, yana iya zama tsani zuwa son Mahalicci. A 1488 mai zane Bihzad ya zana hoton Yusuf yana tsere wa Zulaiha a cikin wannan fada mai ƙofofi, kuma littafin da hoton ke ciki yana ajiye a ɗakin littattafai na ƙasa a Alƙahira.

Wannan gado ne mai shirya fim ɗan ƙasar Iran, Farajullah Salahshur, ya tarar. An haife shi a 1952, ya rasu a 2016, kuma kafin wannan aiki ya riga ya shirya wasa a kan Annabi Ayyuba (AS) da wani a kan Ashabul Kahfi. Gidan talabijin na gwamnatin Iran ne ya ɗauki nauyin wasan Yusuf, aka fara haska shi a 2008, kashi 45. Mustafa Zamani, matashin da ba a san shi ba kafin nan, shi ya fito a matsayin Yusuf, Katayun Riyahi kuma ta fito a Zulaiha. Daga Farisanci aka juya shi zuwa Larabci da wasu harsuna, ya bazu a ƙasashen Musulmi, har ya iso hannun masu sayar da faifai a kasuwanninmu.

Sura mai ayoyi 111 ba za ta cika kashi 45 ba sai da ciko, kuma a nan ne ya kamata mai kallo ya buɗe ido. Makantar Zulaiha da dawowar ƙuruciyarta, wurin da iyayenmu mata suka fi zubar da hawaye, daga marubutan ƙissa da su Jami aka ɗauko. Jaririn da ya yi magana a shimfiɗa ruwaya ce da masu tafsiri suka kawo, wasunsu kuwa sun ce mai shaidar babban mutum ne mai hankali daga dangin matar. Makircin bokayen gunki Amun da dogayen hirarrakin fada, aikin marubucin wasa ne.

Mafi girman ciko shi ne zamanin da aka ɗora labarin a kai. Wasan ya sanya Yusuf a mulkin Amanhotab na Uku da ɗansa Akinatun, wanda ya yi sarauta wajen shekara 1,350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kuma nuna wannan sarki ya karɓi tauhidi a hannun Yusuf. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Akinatun ya juya wa gumakan kakanninsa baya, ya karya ƙarfin bokayen Amun, ya bar birnin Tibis ya gina sabuwar hedikwata a inda ake kira Amarna a yau. Sai dai abin da ya kira mutane su bauta wa shi ne Atun, wato faifan rana, kuma babu wani rubutu da aka tono da ya haɗa shi da Yusuf. Masana da yawa sun fi karkata ga zamanin Hiksos, baƙin da suka shigo daga wajen Sham suka mulki arewacin Masar tsakanin kusan 1650 da 1550 kafin haihuwar Annabi Isa. Shehu Ɗahir bin Ashur na Tunis, wanda ya rasu a 1973, yana cikin masu wannan ra'ayi, yana kafa hujja da cewa surar sarki ta ce, ba Fir'auna ba. Ba Salahshur ne kuma ya fara haɗa Yusuf da Akinatun ba. Marubucin Jamus Tomas Man ya yi haka a littafinsa mai juzu'i 4 da ya fito tsakanin 1933 da 1943, inda ya ba Yusuf sunan Osarsif, sunan da asalinsa ke cikin wani tsohon tarihin Masar da aka rubuta da Girkanci. Ga dangin Yuzarsif ɗin da saurayinmu ya rantse a kai.

Ba a karɓi wasan baki ɗaya ba. Malaman Azhar sun yi adawa da haska shi, domin matsayinsu tun da daɗewa shi ne ba ya halatta wani ɗan wasa ya fito a siffar annabi, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka a kan haka take. Masu shekaru za su tuna fim ɗin Arrisala na Mustafa Akkad, na 1976, wanda aka yi shi daga farko har ƙarshe ba a nuna Manzon Allah ba, ba a kuma ji muryarsa ba. Malaman Iran da dama sun sassauta ga annabawan da suka gabata, shi ya sa aka ga fuskar Yusuf da ta Yaƙub. Hukuncin wannan na malamai ne, ni magatakarda ne. Abin da na shaida kawai shi ne, yau in ka ce wa yaro Annabi Yusuf, fuskar wani ɗan wasa ce ke faɗo masa a zuciya, kuma wannan shi ne ainihin abin da masu hani suka ji wa tsoro.

To, in an tace duk wannan ciko, me ya rage? Tun da can masu tafsiri sun lura cewa ƙissar tana juyawa ne a kan riga sau uku. Ta farko ita ce wadda 'yan'uwa suka shafa wa jinin ƙarya suka kawo wa tsohonsu da dare suna kuka. An ruwaito cewa ya juya ta ya ga babu yaga ko ɗaya, ya gane cewa babu kyarkecin da zai cinye yaro ya bar riga lafiya. Ta biyu ita ce wadda aka yaga a bakin ƙofa. Mai ƙara uwargida ce, wanda ake ƙara bawa ne saye da kuɗi, ba shi da dangi a garin, duk da haka mai shaida bai dubi matsayi ba, ya ce a duba inda yagar take, ta gaba ko ta baya. Ta uku ita ce wadda aka aika daga Masar aka jefa a fuskar uban da kuka ya makantar, ganinsa ya dawo. Hawaye sun yi ƙarya a ta farko, babbar murya ta yi ƙarya a ta biyu, rigar ce ba ta yi ba.

Akwai kuma wurin da masu kallo kan wuce da sauri, alhali nan ne zuciyar maganar. Bayan an ga hujja ƙarara, duk da haka ɗaure shi aka yi, don a rufe bakin matan gari a tsare mutuncin babban gida. Da sarki ya aiko a fito da shi bayan shekaru, bai ruga ba. Ya mayar da ɗan aike a tambayi matan da suka yanke hannuwansu, sai da aka wanke shi a bainar jama'a, matar Aziz ta amsa laifinta da bakinta, sannan ya taka waje. Ya san cewa wanda aka saki bisa alfarma, ƙazafin na nan a wuyansa har kabari. Da 'yan'uwansa suka tsaya gabansa a ƙasƙance, abinci na hannunsa, iko na hannunsa, sai ya yafe. Amma a lura da jerin: sai da gaskiya ta bayyana, masu laifi suka amsa, sannan yafiya ta zo.

Na daɗe ina rubuta ƙararraki a zaure, kuma mafi yawansu ba sa wuce waɗannan uku: 'yan uba da suka haɗe wa ɗaya kai a kan gado, mace ko yaron gida da aka laƙa wa sata ko lalata, da auren da tsegumi ya kashe. Mu da muke 'yan kaɗan a ƙasar da muke zaune, mun saba da cewa a rufe, kada a ji mu a waje. Sau da yawa wannan rufin asiri a kan marar gata yake faɗawa, a ce ya yi haƙuri alhali ba a wanke shi ba, kamar dai yadda aka yi a gidan Aziz. Na taɓa ganin wanda gaskiyarsa ta fito bayan ya riga ya bar gari, wadda zai aura ta yi 'ya'ya a wani gida. An aika masa da ban-haƙuri, amma ba a tara mutanen da aka tara ranar da aka kunyata shi ba.

Saboda haka, wanda ya kalli wasan ya ji daɗinsa, ya san cewa hannaye huɗu ne a cikinsa: nassi, ruwaya, waƙa, da alƙalamin mai shirya fim. Ya zaunar da yaransa ya buɗe musu surar, su ware wannan daga wancan. In kuma an kawo masa maganar wani gobe, kafin ya buɗe baki ya tambaya ta ina rigar ta yage.

Allah ne mafi sani. Allah Ya tsare mu da yin ƙazafi, Ya tsare mu da a yi mana. Wassalam.