Aisha Mohammed da Tasowar D'Tigress

A shekarar 2003, a Maputo babban birnin Mozambik, 'yan matan Najeriya, wato D'Tigress, suka ɗauki kofin ƙwallon kwando na Afirka karon farko. Kafin nan kofin kusan gadon Senegal ne. Cikin tawagar akwai wata doguwar yarinya haifaffiyar Legas, Aisha Mohammed, wadda ba ta cika shekara ashirin ba.

Idon 'yan jarida a lokacin yana kan Mfon Udoka, wadda ta taso a Amurka ta kuma buga gasar matan ƙasar, WNBA. Aisha kuwa a gida ta koyi wasan, ta fito daga ƙungiyar First Bank ta Legas. Aikinta a ƙarƙashin kwando yake, inda ake gogayya da kafaɗa, kuma duk ƙwallon da ta ƙi shiga sai an yi kokawar cafe ta. Ba aiki ba ne da ke sa 'yan kallo tafi, amma wasa ba ya ciyuwa sai da shi.

A gasar Olamfik ta Atens a 2004 Najeriya ta sha kashi a duk wasanninta na rukuni, sannan ta doke Koriya ta Kudu da 68 da 64. Wannan ce nasarar farko da wata tawagar matan Afirka ta samu a ƙwallon kwandon Olamfik. Shekara ta zagayo suka riƙe kofin Afirka a Abuja.

Daga nan sai fari ya sauka. Shekara goma sha biyu kofin yana yawo tsakanin Mali, Senegal da Angola. Aisha ta tafi Amurka, ta buga wa Jami'ar Virginia, ta wuce ƙungiyoyin Turai, tsararrakinta suka yi ta ajiye wasa ɗaya bayan ɗaya. Da aka sake gina tawagar, ita ce babbar yaya a cikin yaran da ba su san Maputo ba. Da ita aka ci kofi a Bamako a 2017, da ita aka kai zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta 2018 a Sifaniya, da ita aka doke Senegal a gaban mutanenta a Dakar a 2019. Ta koma Olamfik a Tokiyo, shekara goma sha bakwai bayan Atens. A ganina wannan juriyar ta fi kowane kofi nauyi, musamman a ƙasar da rikicin shugabancin hukumar wasan ya sa gwamnatin Buhari ta janye tawagar daga gasar duniya ta 2022, aka ba Mali gurbin.

Arewa ba baƙuwar wasan ba ce. A Zariya Masai Ujiri, sanannen jagora a gasar NBA ta Amurka, ya tashi, Kano Pillars kuma ta daɗe tana tashe a gasar maza. Mata ne hanya ta yi wa tsawo. Yarinyar da Allah Ya ba tsayi a Batsari ko Safana, inda 'yan bindigar dajin Rugu suka sa zuwa makaranta kansa ya zama abin fargaba, maganar filin siminti da kwando biyu ba ta ma taso mata ba.

Gurbin da Aisha ta bari a ƙarƙashin kwando Murjanatu Musa ce ta gaje shi. Tana cikin waɗanda suka doke Ostireliya da Kanada a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ƙarƙashin koci Rena Wakama, a 2025 kuma ta sa rigar Phoenix Mercury a WNBA.