Dajin da bai ruɓe ba: tarihin gawayin Anu Araren

Kimanin kilomita 75 arewa maso yammacin Agadas, daf da Cirozerin, manyan motoci na kwaso baƙin dutse daga wani makeken rami suna juye shi a tashar wutar lantarki. Nan ne Anu Araren, mahaƙar kwal ɗin da ta shafe fiye da shekara 40 tana haskaka Arlit da Akokan da Agadas. Mai kallon tsandaurin da ke kewaye da wurin ba zai ce an taɓa yin daji a nan ba. Amma kowane ɓarin kwal da aka fasa, ragowar ganye ne da itace.

Labarin ya soma fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce, a zamanin da masana duwatsu ke kira Karbonifa. A lokacin ƙasar da ta zama Nijar tana cikin babbar nahiyar Gondwana, kuma kwarin Tim Mersoi, a yammacin tsaunukan Abzin, wuri ne na koguna da fadamu. Tsirrai na girma, su faɗi cikin ruwa da laka, wasu su tsiro a kansu.

A bisa al'ada, ganyen da ya faɗi ƙasa yana da masu jiransa. Bakteriya da fumfuna da dangin naman gwari suna fitar da sinadaran narkarwa, wato enzayim, waɗanda ke warware jikin tsiro zare-zare. Selulos, wanda shi ne mafi yawa a jikin kara da ganye, ba ya ba su wuya ƙwarai. Lignin kuwa, sinadarin da ke ba itace tauri, sai wasu nau'o'in naman gwari ƙalilan ke iya fasa shi sosai, kuma aikin nasu na buƙatar iskar oksijin. Manomin da ya tara taki a rami ya san haka a aikace: in takin na samun laima da iska, sai ya nuna ya yi baƙi, in ruwa ya kwanta a kansa, sai ya yi ta wari bai nuna ba. Abin da ya faru a fadamun Tim Mersoi ke nan. Ruwa ya toshe iska, aikin ƙananan halittun ya tsaya a rabi, yashi da laka suka binne abin da ya saura, nauyi da zafin ƙasa suka mayar da shi kwal.

Masana sun yi jayayya kan dalilin yawan kwal na wannan zamani. A 2012, Dimitrios Floudas da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Science kan ƙwayoyin gado na nau'o'in naman gwari 31, inda suka nuna cewa sinadaran fasa lignin sun bayyana ne wajen ƙarshen Karbonifa, abin da ya sa aka yi zaton rashin masu ruɓarwa kafin nan ne ya tara kwal. A 2016 Matthew Nelsen da Kevin Boyce na Jami'ar Stanford da abokansu suka musanta cewa rashin masu ruɓarwa ne sanadi. A ganinsu, damshin yanayi da lotsewar ƙasa ne suka tara kwal.

Wannan tsohon tsiro yana da hannu har a arzikin Arlit. Yuraniyom na tafiya narke cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ya kwanta inda ya tarar da ragowar tsirrai da ke zuƙe oksijin. A cikin irin wannan dutsen yashi mai ɗauke da tarkacen itace ne SOMAÏR ta fara haƙar yuraniyom a 1971, takwararta COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978.

Masana'antun nan na cin wuta, man dizal kuma sai ya ratso dogon zango daga bakin teku, ga tsadarsa bayan rikicin mai na 1973. Shi ya sa a 1975, zamanin Seyni Kountché, aka kafa kamfanin SONICHAR domin haƙar kwal ɗin Anu Araren da samar da wuta. Injin farko na tashar ya tashi a 1981, na biyu a 1982, kowanne mai ƙarfin megawat 18.8. Daga baya aka shiga gasa kwal ɗin domin girki a gidaje, ko a rage saran itatuwa a ƙasar da hamada ke ci.

Tsarin da ya haifi kwal ɗin bai daina aiki ba a wasu wurare. A 2017 masu bincike suka auna babbar fadamar tsakiyar kwarin Kongo, suka ƙiyasta cewa tarin tsirran da ba su gama ruɓewa ba a cikinta na riƙe da tan biliyan 30 na kabon. Muddin ruwa na rufe da shi, yana nan a ɗaure. In fari ko magudanai suka busar da fadamar, ƙananan halittu za su koma bakin aikinsu, kabon ya tashi sama. A Abzin kuwa ƙarancin ruwa ne ke taka musu burki, har rana da gara ke yin kaso mai yawa na cinye busasshen tsiro.

An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, SONICHAR ta rasa ɗaya daga manyan masu sayen wutarta. Gidaje da asibitoci da kasuwannin Arlit, Agadas da Cirozerin sun ci gaba da dogara da layin da ke fitowa daga Anu Araren.