Anna Ancher: Matar da Ta Zana Rayuwar Cikin Gida

A can ƙarshen arewacin ƙasar Danmak akwai wani ƙaramin garin masunta da ake kira Skagen. A ƙarshen ƙarni na 19 masu zane suka riƙa tururuwa can, har aka san su da sunan garin. Dukkansu baƙi ne, in ban da mutum ɗaya: Anna Brøndum, wadda aka haifa a garin a shekarar 1859, 'yar mai masaukin baƙin da suke sauka.

Tun tana ƙarama ta riƙa kallon aikin baƙin mahaifinta. Da ta so yin karatun zane, sai ta tarar babbar makarantar zane ta gwamnati da ke Kopanhagen ba ta ɗaukar mata. Don haka daga 1875 ta shiga makarantar kuɗi ta wani mai zane, Vilhelm Kyhn. A 1880 ta auri Michael Ancher, ɗaya daga cikin baƙin. A wancan zamani, mace idan ta yi aure ana sa ran ta ajiye buroshi. Ita ba ta ajiye ba, ko bayan ta haifi 'yarta Helga a 1883. A 1889 ma har Faris ta je ƙaro ilimi.

Idan muka jera zanenta da na mijinta za mu ga bambanci. Michael ya yi suna da zanen masunta maza a bakin teku, suna tura jirgi ko suna shirin ceton waɗanda igiyar ruwa ta rutsa da su. Anna kuwa cikin gida ta shiga: mata masu ɗinki, masu figar kaji, 'yar aiki a kicin ta juya wa mai kallo baya. A wani zanenta na 1891, Helga na zaune tana saƙa a ɗakin kakarta mai shuɗin bango, amma abin da ya fi jan ido shi ne hasken rana da ya ratso taga ya kwanta a bangon.

Wannan zaɓi nata yana da nauyi a tarihi. Da aikin mazan kaɗai ya iso gare mu, da mun san Skagen da jiragenta da jarumanta, ba mu ga matan da suka riƙe gidajen ba. Anna ta san su tun tana yarinya, kuma suna buɗe mata ƙofar ɗakunansu.

Ta rasu a 1935. Gidansu ya zama gidan tarihi a 1967, daga baya kuma aka sa hotonta da na mijinta a takardar kuɗin Danmak ta kurona 1,000. Makarantar da ta hana ta shiga kuwa, sai a 1888 ta buɗe sashen mata, lokacin Anna ta riga ta yi suna.