Jego, Kanwa da Zuciya: Tarihin Wani Bincike a Zariya

A ƙasar Hausa, ranar da mace ta sauka ita ce ranar da jego ke farawa. Kwana arba'in mai jego kan yi tana wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, tana shan kunun kanwa, a wasu gidajen ma har takan kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Manufar iyaye da kakanni ita ce korar sanyi daga jikinta, da ƙara mata ƙarfi da ruwan nono. Wannan tsohuwar al'ada ce ta zama abin nazari ga likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, shekaru kaɗan bayan kafa ta a 1962.

A ƙarshen shekarun 1960 jami'ar ta buɗe tsangayar koyon likitanci, aka kuma kafa Cibiyar Lafiya wadda ta karɓi ragamar asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi. Tsarin ya haɗa koyarwa da jinya da bincike a inuwa guda. A Malumfashi, masana daga Zariya da takwarorinsu na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, a Ingila, sun shiga ƙauyuka a shekarun 1970, suna ƙidayar mutane suna bin diddigin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Ɗalibin likita ya koyi cewa cutar da ya gani a gadon asibiti tana da gida, tana da rijiyar da take sha, tana kuma da lokacin da take tashi.

A asibitin Zariya, Farfesa Eldryd Parry, wanda ya zo a 1969, ya lura da wani abu mai ɗaure kai. Mata masu ƙuruciya, waɗanda suka haihu lafiya, sukan dawo bayan 'yan makonni da kumburin ƙafafu da haki, ba sa iya kwanciya sai an tokare su da matashi. Zuciyarsu ce ta gaza. A Turai da wuya likita ya ci karo da irin wannan, amma a Zariya an ƙiyasta tana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu. Parry da abokin aikinsa Davidson suka bi lafiyar mata 224, suka buga sakamakon a 1978.

Bayanin da suka kawo ya mai da hankali ga abin da ke faruwa a ɗakin mai jego. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa. Zafin wanka da na gado kuwa yakan buɗe hanyoyin jini na fata, ya tilasta wa zuciya ta ƙara aiki. Idan waɗannan suka haɗu a jikin macen da ciki ya riga ya gajiyar, zuciya takan ɗauki kayan da suka fi ƙarfinta. Yawaitar cutar a watannin zafi da laima ya ƙara wa hujjar nauyi. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci na duniya, ma'aikatan lafiya kuma suka riƙa jan hankalin mata da ungozomomi game da yawan kanwa da tsananin zafin ruwa.

A daidai wannan zamani, Farfesa Kelsey Harrison yana gudanar da wani aikin a ɗakin haihuwa na asibitin. Daga 1976 zuwa 1979 ya tattara bayanan haihuwa 22,774 a jere, aka wallafa su a 1985. Abin da alƙaluman suka nuna shi ne, mutuwa ta fi yawa ainun tsakanin matan da ba su je awo ba, waɗanda akan kawo sai naƙuda ta yi tsanani, kuma galibinsu ba su taɓa shiga makaranta ba. Harrison ya tsaya a kan cewa ilimin 'ya'ya mata shi ne babban magani. Aikinsa na cikin hujjojin da suka share fagen taron Nairobi na 1987, inda aka ƙaddamar da yunƙurin duniya na kare rayukan masu haihuwa.

Bayan shekaru kusan arba'in, aka sake buɗe maganar jego daga Kano. Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya gano alaƙa tsakanin wannan ciwon zuciya da ƙarancin sinadarin siliniyom a jini. Daga baya ya jagoranci wani bincike da ya haɗa asibitoci da dama a faɗin Nijeriya, wanda aka buga a 2020. Sakamakon bai sami wankan jego da kunun kanwa da laifin da aka daɗe ana ɗora musu ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin sana'a, da rashin karatu, da hawan jinin masu juna biyu.

Wannan bai rage darajar magabatan Zariya ba, domin su ne suka fara ƙirga matan, suka bi su har gida, suka sa duniya ta san da cutar. Na baya sun gina ne a kan harsashinsu, suka gyara abin da ke neman gyara. Abin lura shi ne, binciken Kano ya komo inda Harrison ya tsaya: lafiyar mai jego tana farawa tun tana yarinya, daga abin da ta ci da ajin da ta zauna. Hausawa dai sun daɗe da cewa ilimi gishirin zaman duniya ne.