Tsofaffin Unguwannin Riyad da Hakkin Ɗan Haya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana zagayowar ranar da aka buɗe wannan masallaci namu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, mun ga ya kamata mu tsakuro wa jama'a tarihin unguwannin da muke zaune, gama yawancin masu cika sahu a nan 'yan haya ne, abin da ya taɓa gidajensu kuwa lalle ya taɓa sahun.

Sa'ad da Sarki Abdul'aziz, Allah ya ji ƙansa, ya ci soron Masmak cikin 1902, Riyad ƙaramin birni ne mai ganuwa, gidajensa na ƙasa, lungunansa matsattsu kamar na birnin Kano. Da aka sami man fetur cikin 1938, sai arziki ya buɗe, mutane suka yi ta kwararowa har birni ya yi kaɗan. Cikin 1950 aka rushe ganuwa. Ba a daɗe ba aka gina unguwar Malaz domin ma'aikatan gwamnati. Cikin 1974 kuma hukuma ta kafa asusun ba 'yan ƙasa rancen gina gida ba ruwa. To, nan fa masu tsofaffin gidaje suka yi ta ƙaura zuwa sababbin unguwanni, suka bar na dā a hannun masu haya.

Waɗanda suka shiga kuwa talakawa ne da baƙi, watau mutanen Yaman da Sudan da Indiya, da mu Takari, waɗanda kakannin waɗansunmu suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka ratsa Cadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya don sauke farali. Manfuha da Shumaisi da kewayen Batha suka cika maƙil. 'Yan haya ne suka riƙe waɗannan wurare shekara da shekaru, su ke toshe yoyo, su ke raya kasuwa da masallatai. Amma gidan da mai shi ya yi nisa ba ya rasa tsagewa, don haka unguwannin suka tsufa.

Gyaran tsakiyar birni ya kankama zamanin da Sarki Salman ke gwamnan Riyad. Cikin 1988 aka gama kashi na farko na aikin Ƙasarul Hukmi, watau Fadar Mulki. Cikin 1992 aka gama na biyu, har da sabon ginin Masallacin Imam Turki ɗan Abdullahi. Cikin 1995 aka mai da Masmak gidan tarihi, sa'an nan a watan Disamba na 2024 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki. Ba mai musun kyan wannan aiki. Sai dai shi gyara yana da halinsa. In an rushe gida, diyya ta mai takardar mallaka ce. In kuwa an bar shi titi ya yi kyau, sai kuɗin haya ya hau. Ko ta wane gefe, ɗan haya shi ke naɗe tabarma. Mun ga misalin haka a Jidda, inda aka rushe unguwanni fiye da 60 cikin 2021 da 2022. 'Yan'uwanmu da yawa suka watse, maƙwabtan shekara arba'in suka rabu ba sallama.

Alhamdu lillahi, hukuma ta dubi kukan 'yan hayar Riyad. Ran 25 ga Satumba, 2025, bisa umarnin Yarima mai jiran gado Muhammad ɗan Salman, aka hana ƙarin kuɗin haya a cikin birni har shekara 5. Aka kuma hana mai gida ƙin sabunta wa ɗan haya yarjejeniya, sai in bai biya ba, ko mai gidan na bukatar wurin don kansa ko danginsa na jini, ko an tabbatar ginin ya lalace har yana da haɗari.

Jama'a, ku lura da sharaɗin nan na ƙarshe, gama mu mazauna tsofaffin gidaje shi ya fi shafa. Gidan da aka bari ya ruɓe, doka ba za ta iya zaunar da mu cikinsa ba. Saboda haka kowa ya tabbata an rubuta hayarsa a tsarin Ijar na hukuma, kada ya dogara ga maganar baka. Ya biya a kan kari. In ya ga tsaga, ya sanar da mai gida a rubuce tun tana ƙarama. Mu kuma tallafa wa mata masu takaba da tsofaffi in haya ta gagare su. Wanda Allah ya hore wa gida a cikinmu kuwa, ya tuna ɗan hayarsa maƙwabcinsa ne, nauyin maƙwabtaka a shari'a kuwa ba ɓoyayye ba ne.

Allah ya raya unguwanninmu da mu a ciki, ya yi wa shugabanni jagora, ya ji ƙan magabatan da suka aza harsashin wannan masallaci. Haza wassalam.