Batir na Biyu: Yadda Hamadar Ostireliya ta Sauya Wutar Mota

A watan Satumbar 1962, wani masanin ma'adinai mai suna Reg Sprigg ya ɗauki matarsa Griselda da 'ya'yansu biyu a cikin mota ƙirar Nissan Patrol, suka ratsa hamadar Simpson da ke tsakiyar Ostireliya. Su ne mutanen farko da suka ƙetare ta da mota. Hamadar tana da jerin tuddan rairayi sama da 1,100, babu gari, babu gareji, babu wanda za a tsayar a hanya a roƙi taimakonsa. A irin wannan wuri, rayuwar matafiyi ta rataya ne a kan abubuwa uku: ruwa, mai, da kuma tabbacin cewa idan an murɗa makulli da safe injin zai tashi.

Wannan tabbaci na uku shi ne ya haifar da tsarin da a yau ake gani a kusan kowace motar shiga jeji a Ostireliya, wato batir biyu a mota ɗaya: guda na tayar da inji, ɗayan kuma na ciyar da firji da fitilu da rediyo, tare da wata na'ura a tsakaninsu da ke haɗa su idan injin na aiki, ta raba su idan an kashe shi. Tarihin tsarin ya faro tun kafin a ƙera motar jeji ta farko.

Daga murɗa ƙarfe zuwa murɗa makulli

Bafaranshen nan Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma da ruwan asid a 1859, batir na farko da ake iya sake yi wa caji. A 1881 Camille Faure ya inganta shi ta hanyar shafa ƙullin dalma a kan faranti, abin da ya sa ƙera shi da yawa ya yi sauƙi. Duk da haka, motocin farko ba su dogara da batir wajen tashi ba. Direba yakan sauka ne ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a gaban inji ya murɗa da ƙarfin damtse, kuma idan injin ya yi tutsu ya juya baya, ƙarfen kan karya hannu.

A 1912 kamfanin Cadillac ya fitar da mota mai kik na lantarki wanda Charles Kettering ya tsara. Daga nan aikin batir ya zama guda ɗaya babba: ya saki wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, sannan injin ya mayar masa da abin da ya kashe. A kan wannan aiki aka gina shi. Batirin tayar da mota yana da faranti masu yawa kuma sirara, domin ruwan asid ya taɓa fili mai faɗi, wutar ta fita da ƙarfi nan take. Amma siraran farantin ba sa jure a zuƙe su har ƙasa. Idan batirin ya mutu ya daɗe a haka, wani farin gishiri na dalma yakan daskare a jikin farantin, kuma duk lokacin da hakan ta faru ƙarfinsa na raguwa har abada.

Sauye-sauye biyu sun biyo baya. A shekarun 1950 masu ƙera motoci a Amurka suka tashi daga bolt 6 zuwa bolt 12, saboda injuna sun ƙara girma. A 1960 kuma Chrysler ya sa altaneta a motarsa Valiant a madadin tsohon janareton mota. Altaneta tana ba da caji mai kyau ko da injin na tafiya a hankali, kuma takan samar da wutar da ta wuce buƙatar batir ɗaya. Wannan rarar ce daga baya ta ba da damar ciyar da batir na biyu.

Motocin jeji sun daɗe suna riƙe da tsohuwar dabara. Land Rover, wadda aka fara nunawa a Amsterdam a 1948, ta ci gaba da zuwa da ƙarfen murɗawa a samfurinta masu fetur shekaru da dama bayan motocin birni sun yar da shi. Amma manyan injunan dizal sun fi ƙarfin damtsen mutum, motar da ta nutse a rairayi kuma ba ta turuwa balle a tayar da ita da giya. Da ƙarfen ya ɓace, batir ya zama hanya ɗaya tilo.

Ƙasar da ta buƙaci firji a mota

Ostireliya ta haɗa abubuwan da suka sa matsalar ta fito fili: nisa, zafi, da jama'ar da ke shiga jeji don aiki ko yawon buɗe ido. A 1958 ɗan kwangila Leslie Thiess ya shigo da Toyota Land Cruiser domin aikin madatsun ruwa na tsaunukan Snowy, aikin da aka fara a 1949 aka kammala a 1974. A daidai wannan zamani Len Beadell yana fasa hanyoyi a hamadar yamma, ciki har da Gunbarrel, don hidimar gwajin makaman roka da na nukiliya. Tsohuwar burtalin shanu ta Canning, mai tsawon kusan kilomita 1,850 da rijiyoyi 51, ta koma hanyar motoci. Wanda ya hau ta yakan yi kwanaki da dama bai ga kanti ba.

Mutanen wannan jeji sun riga sun san darajar lantarki. Tun 1929 Alfred Traeger ya ƙera rediyon da ake samar wa wuta ta hanyar taka feda kamar keke, domin mazauna rugagen nesa su iya kiran likitocin da ke zuwa da jirgin sama. Da aka koma sa rediyon sadarwa a cikin mota, batirin mota ne ya gaji aikin ƙafafun. A 1959 kamfanin Warn na Amurka ya fitar da na'urar lantarki mai naɗe igiyar ƙarfe don fitar da motar da ta kafe, wadda kan ja amfiya ɗaruruwa. A farkon shekarun 1960 kuma firjin mota na Engel, wanda kamfanin Sawafuji na Japan ke ƙerawa, ya shiga kasuwa.

Firji ne ya sauya lissafin. Rediyo da fitila ana kunna su a kashe, amma firji yana aiki dare da rana, kuma mafi yawan sa'o'in injin a kashe yake. A ɗauka firji na cin amfiya biyu a kowace awa cikin zafi. A yini da kwana ya ci 48. Batirin tayar da mota mai cin 70 zai wayi gari ya faɗi ƙasa da abin da zai juya injin dizal. Nama da magani sun yi sanyi, mota kuwa ta ƙi tashi. Abin da aka sa don jin daɗin tafiya ya koma barazana ga tafiyar kanta.

Neman mai gadin ƙofa

Ƙara batir kawai bai warware komai ba. Idan aka haɗa biyu kai tsaye da waya, sun zama tulu ɗaya: firjin zai shanye su tare. Dole a samu abin da zai bari caji ya shiga na biyun, ya kuma hana na biyun jan wutar na farko. Tarihin tsarin daga nan tarihin wannan mai gadi ne.

Na farko shi ne makunnin hannu, irin wanda masu jiragen ruwa suka saba da shi: direba ya haɗa batiran idan ya tayar da mota, ya raba su idan ya yi zango. Rauninsa mantuwa ce, ita kuwa mantuwar dare ɗaya ta isa. Sai aka koma ga dayod, wata 'yar na'ura mai barin wuta ta bi hanya ɗaya ba ta komawa. Ta kawar da mantuwa, amma takan cinye wajen bolt 0.7 a hanya. Batirin dalma yana buƙatar kimanin bolt 14 zuwa 14.4 kafin ya cika. Idan abin da ke isa gare shi 13.5 ne, kullum a rabin ƙoshi yake, gishirin nan kuma na taruwa.

Dabara ta uku ita ce solanoyid, makunnin maganaɗisu da ake haɗawa da makullin mota. Ba ya cin bolt, sai dai yakan haɗa batiran tun kafin injin ya tashi, ta yadda batirin da ya kwana yana aiki zai ja wutar mai lafiyar a daidai lokacin da aka fi buƙatar ta. Gyaran wannan shi ne makunni mai auna bolt. Cikakken batir da ke hutawa yana nuna kimanin 12.6 zuwa 12.7, idan altaneta ta fara aiki sai adadin ya haura 13. Makunnin yakan jira har ya ga kimanin 13.2 kafin ya haɗa, ya kuma raba idan ya sauko wajen 12.7. Kamfanin Redarc, wanda aka kafa a Kudancin Ostireliya a 1979, yana cikin waɗanda suka yi suna da irin wannan na'ura. Da yawa an sa musu maɓalli na musamman da direba zai danna ya ari wutar batir na biyu idan na farko ya gaza.

Shi ma batir na biyun ya samu tasa siffa. An koma ga mai kauraren faranti, wanda ba ya sakin wuta da yawa nan take amma yana jure zuƙa da cikawa sau ɗaruruwa. Duk wanda ke da batirin sola ko na inbata a gida ya san irinsa. Kamfanin Sonnenschein na Jamus ya fitar da mai daskararren asid a shekarun 1950, daga baya kuma aka samu wanda ke riƙe asid ɗin a cikin audugar gilashi, wanda ba ya zuba komai gargadar hanya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a ci fiye da rabin abin da ke cikinsa: batir mai lamba 100, hamsin ne rabon mai shi.

Lokacin da altaneta ta yi wayo

Tsarin ya zauna lafiya har dokokin rage hayaƙi suka taɓa shi. Bayan ƙa'idar Euro 5 ta 2009 da Euro 6 ta 2014, masu ƙera motoci suka bai wa kwamfutar inji ikon sarrafa altaneta don a rage shan mai. Idan batirin mota ya cika, kwamfutar takan sauke bolt zuwa ƙasa da 13, ta ɗaga shi idan direba ya saki totur. Makunni mai auna bolt sai ya ɗauka an kashe mota, ya raba batiran alhali ana cikin tafiya. Matafiyi ya yi sa'a shida a hanya, ya isa zango da batirin da bai sami komai ba.

A daidai wannan lokaci batirin lithiyam mai ƙarfe da fosfat, wanda binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas ya bayyana a 1997, ya fara araha. Nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana kuma iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa ko fiye. Amma yana da sharuɗɗa: yakan zuƙi wuta da haɗama har altaneta ta yi zafi, ba ya son zafin cikin bonet, kuma caji a sanyin da ya kai ƙanƙara yana lalata shi.

Amsar matsalolin biyu ɗaya ce: caja da ke zama tsakanin batiran, ta karɓi duk abin da altaneta ta bayar, ta ɗaga ko ta sauke shi zuwa daidai abin da batir na biyu ke so, ta kuma ƙayyade yawan wutar da ke wucewa, galibi amfiya 25 ko 40. Yawancinsu suna karɓar wutar farantin sola, don haka motar da ke tsaye ma tana caji. Mai gadin ƙofa ya zama mai rabon abinci.

Abin da bai sauya ba shi ne haɗarin wayar da ke tsakani. Tana da batir a kowane kai, saboda haka idan ta goge ta taɓa jikin mota, wuta za ta kwararo daga ɓangarorin biyu. Shi ya sa ake sa fiyus a kusa da kowane batir, ake kuma zaɓar waya mai kauri daidai da nisan da za ta bi. Siririyar waya tana cin bolt kamar yadda tsohon dayod ke yi, a mummunan hali kuma ta narke ta ta da gobara.

Darasin da ya dace da Sahara

Direbobin manyan motoci a Kano ko Maraɗi za su ce sun daɗe da sanin batir biyu, amma nasu daban ne. A tirela, da wasu tsofaffin Land Cruiser da Patrol masu dizal, ana jera batir biyu ne kai da wutsiya su ba da bolt 24 don juya babban inji. Aikinsu ɗaya, kuma idan guda ya mutu mota ta tsaya. Mai rewayar da ya jawo wa firji ko cajar waya wuta daga ɗaya cikinsu yana gurgunta jerin ne, domin batirin da ake ci zai riƙa zama a baya wajen caji, ɗan'uwansa kuma ya riƙa wuce kima.

Hanyar Agadez zuwa Dirkou da ke ratsa Tenere tana da nisa da zafi da ƙarancin rijiyoyi irin na hamadar Ostireliya, kuma Hilux da Land Cruiser ne ke bin ta. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Ko mene ne sanadin tsayuwar mota a irin wannan wuri, sakamakonsa ɗaya ne. Kayan da ke jan wuta kuwa sai ƙaruwa suke yi: wayar tauraron ɗan'adam, na'urar nuna hanya, da firjin alluran rigakafi da dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8. Zafi ma abokin gābar batirin dalma ne, domin kowane ƙarin digiri goma a kan 25 yana rage kusan rabin tsawon ransa.

Daga makunnin hannu zuwa cajar zamani, na'urori sun sauya sau huɗu ko biyar cikin shekaru sittin, amma ƙa'idar da ta haife su tana nan yadda take. Matafiyan dā ba sa wanke hannu da ruwan salkar da aka ajiye don ranar ƙishirwa. Batirin tayar da inji shi ne wannan salka, kuma duk wata wutar da ake buƙata a zango daga wani wuri dabam ya kamata ta fito.